Daminar da Jarida ba ta Iso ba

Ta wace hanya labarin ya bi? Tun daga waccan damina nake kwana da tambayar nan ina tashi da ita, har yau ban samu wanda ya amsa mini yadda zuciyata za ta kwanta ba. Ruwa ya yanke hanya, mota ba ta wucewa, mai ƙafa ma bai wuce lafiya ba. Amma labarin mutuwar mahaifinku ya tsallake ruwan bai jiƙe ba, ya wuce ta kan Suleja inda matarsa take zaune tana jiransa, ya je ya shiga wani akwati a wani ofis a Abuja. An ce mini ta wayar tarho ya bi. Na gyaɗa kai don kada a gaji da ni. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda abu zai bi ta saman gidana, nawa ne, a kaina ya faɗo, amma bai tsaya ya yi mini sallama ba.

Ni ban yi boko ba, kun sani. Jikata ce take rubutawa ina faɗa, na kuma ce mata ko na yi kuka kada ta ajiye biro. Ina so ku ji wannan daga bakina tun ina da sauran numfashi, domin akwai mutumin da kuka ɗora wa laifi shekara da shekaru, kuma ba haka abin ya faru ba.

Malam, mahaifinku, dillalin jarida ne. Da an idar da sallar asuba zai hau kekensa daga nan Wambai ya nufi Gauraka, bakin babban titi, ya jira motar da take ɗauko jaridu daga Kaduna za ta wuce Abuja. Direban ya jefo masa ɗaurinsa, shi kuma ya raba wa ofisoshi da masu shaguna. Wannan shi ne abincinmu. Amma abin da aka san shi da shi a unguwa ba sayarwar ba ce, karatun ne. Bayan la'asar dattawa sukan taru a dakalin ƙofar gidanmu, ya karanta musu ta Hausa, ta Turanci kuma ya juya musu ita. Ni ina bayan bangon zaure da faifaina ina tsintar shinkafa, ina ji. Babban amininsa Alhaji Tanko tela shi ne sarkin katsalandan, ba a kai ƙarshen labari bai ce ƙarya gwamnati take yi ba, ko da labarin ƙwallo ne. Nakan tsokani Malam in ce matar mai jarida ita ce ta ƙarshen ji a garin nan, sai abin da ya tsallako bango nake samu, kamar kazar maƙwabta. Shi kuma ya ce ai na bayan bango ya fi daɗi, an riga an tace shi. Ba ya kiran sunana. Da yake daga unguwar Hashimi aka kawo ni, Ta Hashimi yake ce mini, har 'yan unguwa suka ɗauka.

Akwai wata al'ada tasa da ba kowa ya sani ba, domin a cikin gida yake yin ta. In ya dawo daga rabo da hantsi, sai ya zauna a kan turmin da na kifa a gindin mangwaro, ya bi jaridun nan shafi-shafi, bakinsa a rufe. Ko kunu na ajiye masa ba ya taɓawa sai ya kai bangon ƙarshe. Abin da yake nema shi ne mutuwa. Hatsarin mota, gobara, rikici, duk inda sunan wani ɗan Suleja zai iya fitowa. In ya gani, ranar ba a karanta wannan shafin a majalisa. Sai ya sa babbar riga, ya ɗauki liman ko wani dattijo, su je gidan da abin ya shafa su zauna, a yi gaisuwa, a yi addu'a, sannan a faɗa a hankali. Na taɓa ganin ya yi haka a kan wani direban tanka, ɗan wata tsohuwa mai ƙosai a bayan layinmu. Ranar Alhaji Tanko ya yi ta mita wai an tsallake masa shafi, an cuce shi. Da Malam ya shigo na tambaye shi me ya sa yake wahalar da kansa haka, tunda abin da aka buga an riga an buga, sai ya ce:

"Jarida ba ta da kunya, Ta Hashimi. Mai karatu ne yake ara mata."

A shekarar da soja suka koma bariki, mutane sun kamu da yunwar labari irin wadda ban taɓa gani ba. Kowa yana so ya ji wa aka naɗa, wa aka sauke. Rediyo na faɗa, amma dattawan majalisa sun ce maganar rediyo iska ce, ba a ce mata ta maimaita. Ana cikin haka marka ta sauka. Ruwa ba dare ba rana, shanya ba ta bushewa, itace ya ƙi kamawa, bangon banɗakinmu ya zube. Malam yakan je Gauraka ya tsaya a rumfar masu abinci har hantsi ya dawo a jiƙe, hannu wofi. Mutane kuwa ba su fasa sallama a ƙofa ba. Kowa ya zo, ina jarida. Yakan fita ya ba su haƙuri kamar shi ya saukar da ruwan.

Sai wani direba ya kawo labari cewa ruwa ya cinye wani kwalbati a hanyar Kaduna, motoci sun yi layi a tsallake, motar jarida na cikinsu. Ya ce dillalan da suka iya tsallakawa da ƙafa suna karɓar nasu. Malam ya shigo ya ce zai je. Na ce ya bari ruwa ya janye, jaridar da ta kwana ai ta zama ta ƙunshin ƙosai. Ya ce ga wanda bai ji ba, labarin jiya ma sabo ne. Kada wani ya ce muku kwaɗayin riba ne ya kai shi, abin da zai kashe a mota ya fi abin da zai samu. Kunyar idon mutanen da suka saba da shi ce. Ya ce in ya ga tsallakowa ta yi wuya zai wuce Kaduna ya kwana wurin ƙaninsa, kawunku, kada in damu in ban gan shi ba. Ya ɗauke ledar teburina, shuɗiya mai jajayen furanni, wadda tukunya ta taɓa ƙonawa na yi mata babban faci da farin buhu. Ya ce da ita zai naɗe jaridun. Ya fita.

Bai dawo ranar ba, bai dawo washegari ba. Ban damu ba. Wannan yana cikin abin da yake ci mini rai. Na ci abinci, na yi barci, har kitso aka zo aka yi mini, ina cewa yana Kaduna yana shan shayi da ƙaninsa. Ba mu da tarho, kawunku ma ba shi da shi.

A lokacin muna da ɗan haya a ɗakin waje, Malam Nasiru, mutumin Kano, magidanci ne amma iyalinsa suna can gida. Yana aikin buga takardu a wani ofis a Abuja. Bai daɗe da zuwa ba. Yakan fita tun da duhu-duhu ya dawo bayan magariba, saboda haka bai taɓa zama a majalisa ba, bai kuma taɓa ganin Malam a kan turmi ba. Shi ne ya ji Alhaji Tanko yana ƙorafi a masallaci cewa sun zama kurame, sai ya ce ai akwai wata jaridar Turanci da ake sakawa a kwamfuta, a ofishinsu ogansa yakan karanta ta tun kafin ta takarda ta iso. Alhaji Tanko ya ce to aljanun ofishinsu su taimaka wa talakawa mana. Aka yi dariya. Malam Nasiru ya ce zai gwada.

Ranar ya dawo da wuri, la'asar sakaliya, ya ɓoye takardun a cikin riga saboda yayyafi. Ina tsakar gida na ji hayaniyar murna a ƙofa, sai na ɗauki faifaina na zauna a wurina na kullum. Na ji Alhaji Tanko yana cewa wannan wace irin jarida ce, fara fat, ba ƙamshi, bayanta kuma ba komai kamar kan liman. Malam Nasiru ya ce a bar shi ya shiga ya sauya riga, a gurguje ya bugo su ana shirin rufe ofis, ko kallonsu bai yi ba. Na ji wannan da kunnena. Suka ce ina, ai sun gaji da jira.

"Zauna nan wurin Malam," in ji Alhaji Tanko. "In mai wurin ya dawo ya tashe ka."

Ya fara. Ba irin karatun Malam ba ne. Malam ya riga ya san inda labari zai ƙare, sai ya ɗauko shi a dunƙule. Shi kuwa Malam Nasiru layi-layi yake bi, ya karanta da Turanci, ya tsaya, ya juya da Hausa, bai san abin da ke gaba ba sai ya taka shi. Ya yi na naɗe-naɗe, aka yi gardama. Ya yi na farashin mai, aka yi tsaki. Sai ya ce ga wani a kan ruwan da ya yanke hanyar Kaduna. Alhaji Tanko ya tafa hannu.

"Yawwa, wannan muke so. Karanta mu ji inda mutumin namu ya maƙale, yana can yana karanta wa kifaye."

Har ni na yi murmushi a bayan bango. Malam Nasiru ya ce ruwa ya cinye kwalbati, motoci sun kwana a hanya. Ya ce wasu matafiya sun riƙa tsallakawa da ƙafa. Ya ce ruwan ya tafi da wani dattijo da ya shiga da kaya a ka. Wani ya ce Allah ya jiƙan Musulmi. Ya ce mutanen wani ƙauye sun tsamo shi a can ƙasa, ba a samu komai a jikinsa da zai nuna ko wane ne ba, sun yi masa sutura sun binne. Ya karanta layi na gaba da Turanci. Ban san Turanci ba, amma na ji yadda muryarsa ta sauka a tsakiya kamar an taka ta. Bai juya da Hausa ba. Wani tsohon ma'aikacin sakatariya da ke wurin ya ji Turancin, shi ne ya faɗa, a hankali, kamar yana magana da kansa, cewa kayan da dattijon ya ɗauko jaridu ne.

Ba wanda ya yi salati. Ba wanda ya motsa. Ina jin ɗigar ruwa daga indararo. A labari akan ce faifai ya faɗi daga hannun mace, nawa bai faɗi ba. Na ci gaba da tsinta. Sai daga baya na ga tsakuwar nake zubawa a cikin kwano, shinkafar nake watsa wa kaji.

Alhaji Tanko ya shigo zaure, abin da bai taɓa yi ba in Malam ba ya nan. Ya tsaya nesa, yana kallon ƙasa. Ya ce dillalan jarida da yawa suke, na Minna, na Bida, na Abuja, duk ta nan suke karɓa, kada in sa komai a raina. Na ce a kira mini Malam Nasiru. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, takardun a hannunsa. Na ga wani baƙin murabba'i a tsakiyar ɗaya, na tambaye shi mene ne. Ya ce hoto ne, injin ofishinsu ba ya fitar da hoto da kyau, amma a gilashin kwamfuta ana gani.

"Gobe za ka kai ni," na ce.

"Hajiya, ki bari maza su je."

"Maza ba su san abin da zan duba ba."

Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa fita unguwa ba tare da izinin Malam ba. Ranar na fita neman wanda zan nemi izinin a wurinsa. Mun shiga bas a tasha, mutane suna ta hirarsu, kwandasta yana faɗa da wata mata a kan buhun doya. Ina kallonsu ina mamakin yadda ba su sani ba. A ofis wata ma'aikaciya Bayarabiya ta ba ni kujerarta, ta kawo mini ruwa, tana ta cewa sannu Mama. Malam Nasiru ya zauna gaban akwatin ya danna. Abin ya yi ta kuka kamar gyare ya shiga buta, ya katse, ya sake. Sai rubutu ya cika gilashin, da wani fili a tsakiya. Ya ce a nan hoton zai fito, sai mun yi haƙuri, a hankali yake zuwa.

Daga sama ya fara, kamar ana warware tabarma. Fari-fari, ya ce sararin sama ne. Sai kan itatuwa. Ya tsaya. Sai huluna, sai fuskokin wasu maza da ban sani ba, sun jeru suna kallon ƙasa. Ya sake tsayawa, ya daɗe, har Bayarabiyar ta buga gefen akwatin da tafin hannu. Ina cewa a raina ya Allah ka bar shi a nan, kada ya sauko, ina kuma cewa ya sauko. Sai riguna, sai gwiwoyi. Sai wani abu shuɗi a gabansu a ƙasa, da ja-ja a jiki. Malam Nasiru ya yi sauri ya ce irin wannan leda tana kowace kasuwa. Na ce haka ne. Sai sauran ya sauko, ga farin facin a gefe, karkatacce, yadda na ɗinka shi da zaren buhu.

Na sa yatsa a kai. Gilashin da ɗumi. Wannan ɗumin ya firgita ni fiye da komai, na zaci sanyi zan ji. Ban yi kuka ba. Na juya na ce wa Malam Nasiru shi ne, kamar wadda aka tambaya ko wannan akuyarta ce. Shi ne ya kifa kai a kan tebur ya fashe da kuka, ni ina zaune ina kallon facin, ina tunanin ashe ɗinkin ya riƙe.

Da ruwa ya janye, Alhaji Tanko da kawunku suka bi hanya da takardar nan a hannu suna tambaya har suka samu ƙauyen. An nuna musu kabarin. An ba su ledar, wai a saiwar wata bishiya ta maƙale. Da aka kwance ta a tsakar gidan nan, jaridun a bushe suke, ko ɗigo bai taɓa su ba. Direban motar jaridar ya zo gaisuwa daga baya, ya ce shi ya miƙa wa Malam ɗaurin da hannunsa, ya juya mota ya koma Kaduna, bai ga shigarsa ruwa ba. Mijina ban ga fuskarsa ba, ban ji sallarsa ba. Baƙi ne suka wanke shi, Allah ya saka musu da alheri.

Babban yayanku yana aiki a Kontagora lokacin. Tun a tasha wani mai baki ya tare shi ya ce an karanta mutuwar babansa a dakali, ana dariya, ɗan haya ne ya karanta. Ya shigo bai ko zauna ba, ya watso kayan Malam Nasiru cikin taɓo. Mutumin ya tsince kayansa, ya durƙusa a ƙofar ɗakin da nake takaba ya ce in yafe masa, ya tafi ya kama haya a Gauraka. Ni a kwanakin nan ko sunana aka kira ba na amsawa. Ku ƙanana kuka tashi da abin da kuka ji, har yau in kun gan shi a kasuwa kukan kau da kai. Ya tsufa yanzu, gemunsa fari. Duk sallah sai ya aiko mini da goro ta hannun wani, kada ku gani.

To ku ji. Ya nemi a bar shi ya shiga ɗaki, aka hana shi. Bai san akwai abin da ake dubawa kafin a karanta ba, domin mai dubawar a ɓoye yake yi, ni kaɗai ce shaida. Dariyar da aka yi, kafin a sani aka yi ta, kuma har da ni a ciki. Alhaji Tanko har ya koma ga Allah yana cewa shi ya ce a karanta, bai kuma sake zama a dakalin nan ba, in zai wuce ta ɗaya layin yake zagayawa. Da Malam Nasiru bai kawo takardar nan ba, da mun yi ta zaton mahaifinku yana Kaduna, kawunku yana zaton yana Suleja, har ciyawa ta rufe kabarin, mutanen ƙauyen su manta wanne ne. Yau kuna da inda za ku tsaya ku yi wa mahaifinku addu'a. Ku je Gauraka ku gaishe shi tun ina raye. Babban yayanku ya shige gaba.

Abin da ya rage mini ni kaɗai ne, ba mai ɗauke mini. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tare mummunan labari a ƙofar mutane, yana cire masa takalmi kafin ya shiga, nasa ya shigo mini ta kan bango. Kuma duk cikin masu karatun garin nan, ni da ban san ko harafi ɗaya ba, ni na fara tabbatar da shi, da yatsana.

Safiyar da zai fita, na biyo shi har zaure ina mita a kan ledata. Na ce zai je ya lalata mini ita saboda 'yan majalisa, ni kuwa ko labarin ba na samu sai ragowa. Ya naɗe ta ya sa a hammata, ya tattare bakin wandonsa, ya leƙa ya dubi sama. Ana yayyafi. Ya juyo yana dariya, ƙafarsa ɗaya a waje.

"To shi ke nan, Ta Hashimi. Wannan karon su Tanko su jira. In na dawo, ke zan fara karanta wa."